Kaset ɗin Baba buhu biyu: mu sayar ko mu ajiye?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema don Allah, ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo. Wasunku sun san marigayi Babanmu yana da gidan bidiyo a nan unguwar Aboabo ta Kumasi tun muna yara, benci 8 ne da talabijin ɗaya da ƙaramin janareta, har ya rufe lokacin da kowa ya sayi na'urar faifai ya sa a ɗakinsa. To satin da ya wuce ruwan sama ya shiga ɗakin ajiyarmu muka fito da kaya, sai ga buhu biyu cike da kaset, na ƙirga 211, da fosta 5 irin wadda ake zanawa da fenti a kan buhun fulawa a rataye a ƙofa. Yawancinsu ba finafinan da kowa ya sani ba ne, wasu ko kwali babu sai rubutun hannun Baba, wani da boko wani da ajami. Ƙanena ya ɗauki hoton fostar ya sa a Facebook, kafin magariba wani dillali ya kira daga Akra wai yana da bature mai saye, zai ba mu sidi 4,000 ya kwashe duka. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Me bature zai yi da fim ɗin da hoto ke rawa sauti na shaƙewa, wanda mu kanmu mun manta da shi? In kuma abin banza ne, gaggawar ta mece ce?

Yaron Tafo: Yaya karɓi kuɗinka kawai. Wa ke da dek, na'urar kunna kaset, yanzu? Komai fa yana YouTube.

Kawu na Nima: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Babanku, na sha zama a bencin nan in na zo Kumasi sarin goro. Ɗana kada ka sayar tukuna. Kai kuma na Tafo, ba komai ke YouTube ba, wannan maganar ita ta fi ci mini rai, abin da ke can shi ne wanda wani ya zauna ya juye ya ɗora, wanda ba a juye ba fa yana ina? Na fi shekara 20 ina tara kaset, na san abin da nake faɗa. Tun da William Akuffo ya fitar da fim ɗin Zinabu a 1987 mutanen Gana suka gane ashe da kyamarar ɗaukar biki ma ana yin fim, sai kowa ya shigo, direba da tela da mai kanti, a haɗa kuɗi a ɗauka cikin kwanaki kaɗan a buga kwafi kaɗan a zagaya da shi gidajen bidiyo shi ke nan an wuce wurin. Ba mai ajiye uwar kaset, sau da yawa ma a kanta ake ɗaukar fim na gaba don sabon kaset kuɗi ne. Ka ga ke nan ba mamaki cikin buhun nan naku akwai fim ɗin da duk duniya wannan kwafin kaɗai ya rage. Abin da masu saye ke farauta ke nan.

Yaron Tafo: To Kawu ko shi kaɗai ya rage in fim ɗin ba kyau fa? Na taɓa ganin irinsu, ana ganin inuwar mai kyamara a bango.

Kawu na Nima: Inuwar nan nake so. Bari in gaya maka abin da ya ja ni, don ni ma ba da sunan tarihi na fara ba, so ne kawai. Mai babban kuɗi in zai yi fim yakan tare hanya ya kori jama'a ya share wurin ya kawo mutanensa ya yi musu kwalliya, abin da za ka gani garin da ya ƙirƙira ne. Shi kuwa talaka mai kyamara ɗaya ba shi da kuɗin korar kowa, dole ya ɗauki titi yadda ya same shi. Sai ka ga ana faɗa a gaba amma a baya ga motar haya ta trotro da rubutun da ke goshinta, ga mai koko da ƙosai tana zuba wa yaro, ga kwata a buɗe, ga allon mai aski da farashi da tsohon sidi tun kafin a cire sifili 4 a 2007, ga yara sun taru suna leƙen kyamara ana daka musu tsawa kuma ba a yanke tsawar ba. Ina da wani kaset da aka ɗauka a gefen unguwarmu Nima a Akra, labarin ba wani abin kirki ba ne, mace ce ke komawa maciji, amma akwai minti ɗaya da jarumin ke gudu ta wani lungu, wallahi lungun nan yanzu bene ne mai hawa 3, a nan na koyi tuƙa keke, kuma ana jin kiran sallar la'asar daga nesa da muryar ladanin da ya daɗe da rasuwa. Nakan mayar da wurin baya in sake kallo har sai da kaset ɗin ya fara ja a daidai nan, na ji tsoro na daina.

Hajiya ta Asawase: Allah sarki Alhaji ka taɓo mini inda ke ciwo. Mu uwarmu ba ta da hoto ko ɗaya sai na katin zaɓe, ba ta yarda a ɗauke ta. Bayan rasuwarta da shekara 6 ɗan ƙanwata yana kallon wani tsohon fim na Turanci da yaren Tuwi, ya ƙwala mini kira wai Mma zo ki ga Kaka. Na zo ya mayar baya, ga ta nan zaune a tsohuwar kasuwar Kejetia tun kafin a rushe a gina sabuwa, faranti a gabanta tana yayyafa wa goro ruwa, da mayafinta mai ruwan ƙasa wanda har yanzu yana cikin akwatina, ta ɗago ta dubi kyamara ta ja mayafi ta rufe fuska. Bai fi ƙiftawar ido uku ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Ɗana kada ka bari a kwashe kafin a duba abin da ke ciki, ba ka san uwar wa ke cikin buhun nan ba.

Ɗan Aboabo: Allah ya jiƙan ta Hajiya, ya sa aljanna ce makoma. Jikina ya yi sanyi gaskiya.

Ustaz na Sawaba: Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Ina da magana biyu kuma ba don in ɓata wa kowa rai ba. Ta farko, mu ji tsoron Allah kada ɗokin tsohon abu ya rufe mana ido, da yawan finafinan zamanin nan tsafi ne da bokaye da zubar da jini, wasu da tsiraici, mu da muke makarantar allo a lokacin mun san irin bulalar da muka sha a kan gidajen bidiyo kuma malamanmu ba zalunci suka yi ba, yara nawa suka bar karatun dare saboda su. Tsufan abu ba ya wanke shi. Ta biyu kuma ita ce mafi nauyi, kayan nan gado ne. Tunda har an yi musu kuɗi sun zama dukiya, ba naka ba ne kai kaɗai balle ka sayar ko ka kyautar, mahaifiyarku na da tumuninta, ƙannenka mata na da rabonsu. A tara kowa a yi magana kafin komai.

Ɗan Aboabo: Allah gafarta Malam wallahi ban kawo wannan a raina ba, na ɗauka tarkace ne. Na gode, zan zauna da Mma da sauran.

Kawu na Nima: Malam maganar gado ba ja, gaskiya ka faɗa. Ta farkon ma ban musa duka ba, akwai kaset ɗin da na saya cikin kwali na duba na ga ba abin da zan ajiye a gidan da 'ya'yana suke ba ne. Amma ko na bokayen nan, in ka zauna ka duba, tsoron mutanen lokacin ne a ciki, tsoron kuɗin dare ɗaya, tsoron kishiya, tsoron ɗan da ya tafi birni ya dawo da mota ba a san sana'arsa ba, kuma kusan kullum mugun ne ke tozarta a ƙarshe. Wanda ke son sanin abin da ke hana mutanen Gana barci a 1992 zai same shi a nan fiye da jarida.

Ustaz na Sawaba: To a tace dai Alhaji. Abin da ke da amfani a riƙe.

Ɗan Zango a Bronx: Salam jama'a, yanzu na tashi daga aiki na ga zancen. Ɗan'uwa fostar nan ita dillalin ke so, kaset ɗin gyara ne kawai a wurinsa. A nan Amurka ana sa su a firam a rataya a gidajen baje zane. Wani mai suna Ernie Wolfe ya fitar da littafi a kansu a 2000, Extreme Canvas, daga nan idon masu kuɗi ya buɗe, kuma akwai wani shago a Chicago da ake kira Deadly Prey da ke sana'arsu, sunan ma daga wani ƙaramin fim ɗin Amurka na 1987 suka ɗauko shi, irin mai arhar nan da aka sha kallo a gidajen bidiyonmu. Tsoffi na ainihi waɗanda suka sha rana da ƙura ana sayar da guda ɗaruruwan dala, wasu sun haura dubu. Ka duba ƙasan kowace za ka ga sa hannun mai zanen, wani lokaci da shekara da sunan gidan bidiyon da ya sa aka yi. In ka ga Joe Mensah ko Leonardo ko Heavy J ko Stoger to sanannu ne. Kuma don Allah kada a wanke, kada a ninke, a naɗe kamar tabarma fenti na waje.

Ɗan Aboabo: Na duba, 3 na da sa hannu amma fentin ya goge ba na iya karantawa sosai, ɗaya dai na ga 1994. Buhun fulawa biyu ne aka farke aka ɗinke wuri ɗaya aka yi zanen a kai, ta baya har yanzu ana ganin tambarin kamfanin fulawa. Ɗaya wani ƙato ne da bindiga a kowane hannu, jijiyoyin wuyansa kamar igiyar rijiya, kai 3 a ƙasa. Na tuna wannan tana ba ni tsoro ina yaro, in an aike ni da dare sai in bi ta bayan gida.

Kawu na Nima: Kuma ina tabbatar maka ba lallai kawunan nan suna cikin fim ɗin ba. Sau da yawa mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, kwalin kaset ake ba shi ko a ba shi labari da baki, shi kuma aikinsa ya tsayar da mai wucewa ya sa hannu a aljihu, sai ya ƙara jini ya ƙara tsoka ya ƙara maciji. Da fosta ta inji ta yi arha sana'ar ta faɗi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutanen da suka zana su da yawa ba su ci komai ba daga tsadar da suka yi daga baya.

Baba Mai Gyara, Alabar: Duk kuna ta maganar saye da sayarwa ba wanda ya tambayi lafiyar kayan. Yaro ka ce ruwa ya shiga. Saurara da kyau. Kada ka kuskura ka sa ko ɗaya a dek yanzu ko an ba ka aro. Ka ɗaga kowane ka leƙa ta gilashin, in ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a gefen zaren to fumfuna ce, ka ware su daban don tana yaɗuwa, kuma in ka kunna shi haka zai dame hed ɗin na'ura ya kuma iya tsinkewa. Waɗanda suka jiƙe a shanya a inuwa inda iska ke bi, ban da rana, rana na lanƙwasa su. A fitar da su daga buhu a jera a tsaye kamar littattafai, nesa da sifika don maganaɗisun da ke ciki na cin hoto. Akwai ɗan harshen roba a gefen kowane kaset, ka ɓalle shi, in babu shi ba mai iya ɗaukar wani abu a kai bisa kuskure. Ni ina da dek 2 masu aiki, na hana su mutuwa ne da kayan 'yan'uwansu da suka mutu, don tun 2016 kamfanin Funai na Japan wanda shi ne na ƙarshe ya daina ƙerawa, bel da robar da ke jan zare in sun narke sai dai ka nemo a jikin wata. Ɗaya tana kunna kaset ɗin Amurka ma, don tsarinsu daban da namu na PAL. Juyewa zuwa kwamfuta ba wuya, akwai 'yar na'ura da ake haɗawa, amma ba a yi mata hanzari, fim ɗin awa 2 sai ya ci awa 2 cur kana zaune kana gadi, in an ɗauke wuta a koma farko. Kaset 211 ka yi lissafi da kanka.

Yaron Tafo: Baba ni ina da laftof, in dai za a koya mini zan zauna. Gaskiya da Kawu ke magana na tuna wani fim ɗin Uganda da muke kallo a waya, Who Killed Captain Alex, na 2010, a unguwar talakawa ta Wakaliga a Kampala aka yi shi da kuɗin da bai kai na wayata ba, kuma duniya ta san shi yanzu. Ban taɓa kawowa namu ma irinsa ba ne.

Kawu na Nima: Yawwa ɗana. Kuma shi ma mai fim ɗin, Nabwana, goge na ainihin ya yi daga kwamfutarsa don ya sami wurin aiki na gaba, wanda kuke kallo daga kwafin faifai aka ceto shi.

Malama daga Legon: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina so in ɗan saɓa wa Kawu a wuri ɗaya, a yi mini afuwa. Muna cewa kada a ba bature, to mu da muka riƙe namu me muka yi da shi? Hukumar fim ta ƙasa da aka kafa zamanin Nkrumah, a 1996 aka sayar da kaso 70 cikin 100 nata ga wani kamfanin Malesiya, finafinan da ke ajiye a nan da yawa suka lalace, waɗanda suka tsira su ne waɗanda uwayensu ke ajiye a Landan, Rabaran Chris Hesse mai ɗaukar hoton Nkrumah ya yi shekaru yana fafutuka a kansu. Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, fim ɗin Hausa sukutum daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai da wata cibiya ta Jamus ta sa hannu aka gyara aka nuna a Berlin a 2018. Kuma in kuna son ganin kasuwar Kumasi ta zamanin kakanninmu da 'yan ci-ranin da suka gangaro daga Nijar, sai a Jaguar na Jean Rouch wanda ya ɗauka wajen 1954, shi ma da ƙaramar kyamara a hannu, Faransa ce ta adana. Ban ce a ba dillalin nan ba, shi ɗan kasuwa ne. Amma ɗakin ajiyar da ruwa ke shiga ma ba wurin ajiya ba ne.

Kawu na Nima: 'Yata ba ki faɗi ƙarya ba kuma ta yi mini zafi don gaskiya ce. Ni kaina ɗakin da nake ajiye nawa in damina ta yi nisa bango na gumi, na yi asarar sun fi 30, kuma 'ya'yana ba wanda ya damu da su, ina tunanin ranar da ba ni. Abin da nake tsoro kawai shi ne abu ya tafi inda jikan Hajiya sai ya nemi biza kafin ya ga kakarsa. A juye tukuna, kwafi ya zauna a zango a hannun mutum fiye da ɗaya, bayan nan in magada sun ga dama su sayar da ɓawon.

Malama daga Legon: A kan wannan mun haɗu Kawu.

Ɗan Aboabo: Jama'a na kwana ina jera su kamar yadda Baba ya ce. 40 da wani abu na da fumfuna. Akwai na Indiya da na Sin da yawa, akwai na Gana, akwai na Kano kusan 30 waɗanda direbobi ke kawo wa Baba. Amma ga wanda ya tsayar da ni, ba kwali, an manna takarda an rubuta da ajami, na kai wa Mma ta karanta, wai wasan yaran zango na bayan sallah. Ta ce wasu samarin unguwa ne suka haɗa kuɗi suka yi hayar mai ɗaukar biki suka yi wasan kwaikwayo da Hausarmu ta nan, an nuna a gidanmu dare 3 kuma har tsaye mutane suka yi.

Kawu na Nima: Allahu akbar. Na Kanon ma ka duba su da kyau, harkar can da fim ɗin Turmin Danya ta fara a 1990 kuma na farko-farkon nan ko a Kano wahalar samu suke. Amma wannan na ajamin ya fi mini duk sauran 210. Hausar zango ta wancan lokacin, da bakin samarinmu, yadda muke cakuɗa ta da Tuwi ana mana dariya in mun je arewa, ban taɓa riƙe irinsa a hannuna ba. Gobe zan nemi mota.

Hajiya ta Asawase: Wayyo Allah na tuna wasan nan. Yayana ne ya fito a mai unguwa, ya ari babbar rigar Babanmu ba da saninsa ba aka yi ta rigima a gida. Shekararsa 9 da rasuwa, 'ya'yansa ƙanana ba su san muryarsa ba. Ɗana don girman Allah ka riƙe shi da kyau.

Ɗan Aboabo: Hajiya yana cikin masu fumfunar, amma kaɗan ce a gefe ɗaya. Mun zauna da Mma da ƙannena jiya bayan isha'i kamar yadda Malam ya ce, kowa ya yarda ba za a sayar da komai ba sai an juye, fostar kuma Mma ta ce a bar mata ɗaya ko da za a sayar da sauran, wadda Baba ya fi ratayawa. Na gaya wa dillalin, ya ƙara sidi 2,000 nan take, na ce ya yi haƙuri.

Baba Mai Gyara, Alabar: Ka kawo min na ajamin shi kaɗai ranar Asabar bayan la'asar, a cikin leda daban, kada ka girgiza shi. Sai na kwance shi na bi zaren a hankali da hannu na goge, zai ɗauke ni kwana biyu ko uku, kada kowa ya matsa mini. Na Tafo ka zo da laftof ɗinka da caja da filash mai girma, ranar da za mu kunna shi sau ɗaya nake so ya bi ta na'ura kuma muna ɗauka a lokacin.

Hajiya ta Asawase: Baba a kira ni ranar ko da wane lokaci ne. Zan zo da yaran yayana su 3, a ajiye mana benci.